Aibin da Faci ke Rufewa: Bahasi a kan Gyaran Jikin Jirgin Sama da Binciken Sassansa, tare da Duban Halin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan yadda ake auna ingancin gyaran da aka yi wa jikin jirgin sama, da hanyoyin da masana ke bi su gano aibi a sassansa tun bai kai ga halaka ba. An gina ta a kan abin da binciken hukuma ya tabbatar game da haɗurra biyar, wato na Lusaka a 1977, da Japan a 1985, da Hawayi a 1988, da Jidda a 1991, da Taiwan a 2002, aka kuma auna su da yanayin Kano da irin zirga-zirgar filin jirginta. Matsayar maƙalar ita ce, ƙidayar shekarun jirgi ma'auni ne mai rauni, lafiyarsa kuwa ta rataya ne ga ingancin kowane faci da ke jikinsa, da gaskiyar littafin da aka rubuta labarin facin a ciki.

Muƙaddima

Ran 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira bisa jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a wani fili wajen ganuwar Kano. Da katako da zane da wayoyi aka haɗa jiragen nan, saboda haka duk aibin da ya same su, sanda ce ta tsage, ko waya ta saki, ko zane ya yage, makanikin da ke tafe da su yana iya ganinsa da ido, ya shafa da hannu, ya gyara kafin a sake tashi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano; da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke kuma, Kano ta zama zango ga dubban jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi a tuƙa su zuwa Masar; bayan yaƙi sai jirgin sama ya karɓe hanyar Hajji daga hannun raƙumi da mota, har ya zamana kusan kowace unguwa ta cikin birni, daga Gwammaja zuwa Ƙofar Na'isa, tana raka maniyyatanta filin jirgi kowace shekara.

Kano ta ɗanɗani ɗacin wannan sana'a fiye da yawancin birane. Ran 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, ɗauke da alhazai daga Jidda, ƙafarsa ta karye wajen sauka a Kano, wuta ta kama, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Ran 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titinsa wajen tashi, ya kasa ɗagawa sama sosai, ya faɗa kan gidajen Gwammaja, aka rasa rayuka sama da ɗari, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Bayan wannan musiba ne Gwamnatin Tarayya ta dakatar da wannan samfuri, ta kuma kafa ƙa'idar hana shigo da jirgin fasinja da ya haura shekara 22, ƙa'idar da ta kwantar wa jama'a hankali, har ta zauna a zukata cewa tsohon jirgi shi ne abin tsoro, sabo kuwa amintacce ne. Wannan zato shi muke nufin mu auna da hujja.

Gajiyar ƙarfe da mazhabobi uku na maƙera

Asalin mas'alar shi ne abin da masana suka kira gajiyar ƙarfe, wadda Bajamushen nan August Wöhler ya yi nazarinta tun tsakiyar ƙarni na 19 a kan sandunan da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa, ya tabbatar da cewa ƙarfe yakan karye a ƙarƙashin nauyin da ya gaza ƙarfinsa nesa ba kusa ba, muddin dai ana ɗora masa nauyin ana saukewa sau dubbai. Jirgin fasinja na zamani kuwa, da yake yana tafiya a nisan ƙafa 35,000 inda iska ba ta isar ɗan Adam numfashi, dole a riƙa cusa iska a cikinsa, har matsin da ke tura bangonsa waje ya haura tan biyar a kan kowace murabba'in mita, alhali fatar alminiyon da ke ɗauke da wannan nauyi, a tsofaffin Boeing 737, kaurinta bai wuce milimita ɗaya ba. Duk sawu ɗaya, wato tashi da sauka, gangar jikin tana kumbura ta saɓe, kuma a bakin ramin ƙusar ribit, ko kusurwar taga, ko wani ɗan karce da ido ke rainawa, a nan nauyi ke taruwa har tsaga ta kunno kai. Ingilishi ne suka fara biyan kuɗin wannan ilimi, sa'ad da jiragensu biyu samfurin Comet suka tarwatse a sararin samaniya kusa da Italiya a watan Janairu da Afrilun 1954, har sai da masu bincike a Farnborough suka nutsar da gangar wani jirgin a katafaren tankin ruwa, suna cika ta suna ragewa, ta tsage a gabansu bayan sawu kimanin 3,000.

Maƙeran jirage sun bi mazhabobi uku wajen fuskantar wannan illa. Ta farko ita ce a yanka wa kowane sashe wa'adi, in ya cika a cire shi ko da lafiyarsa lau, kuma har yau da ita ake aiki a kan ƙafafun jirgi da fayafayan cikin inji. Ta biyu ita ce a yi wa kowane nauyi hanya biyu ko uku, domin in ɗaya ta karye sauran su riƙe har a gano. Wannan mazhaba a Afirka aka ga iyakarta: ran 14 ga Mayu 1977 wani Boeing 707 na kaya, mallakar kamfanin Dan-Air, yana gab da sauka a Lusaka, ƙaramin fiffiken jelarsa na dama ya cire ɗungurungum, mutum shida da ke ciki suka rasu, bincike ya nuna sandar sama ta ƙashin fiffiken ta daɗe da tsagewa, irin dubawar da aka shar'anta a lokacin ba ta iya hango tsagar, sandar tsakiya da aka dogara gare ta kuma ba ta riƙe ba. Da aka bi sauran jiragen wannan samfuri a duniya, sai aka tarar da irin tsagar a fiye da 30. Daga nan, a 1978, hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta mazhaba ta uku, wadda ke ƙaddara cewa tsaga tana nan ko ba a gan ta ba, sai a lissafa sawu nawa za ta ɗauka daga girman da na'ura ke iya ganowa zuwa girman da ke kashe jirgi, a raba wannan tazara ta yadda mai bincike zai sami damar cin karo da ita fiye da sau ɗaya. Ma'anar wannan, ga mai lura, ita ce rabin amanar jirgi ta tashi daga wuyan maƙerinsa ta koma wuyan mutumin da ke tsaye da tocila a rumfar gyara.

Hanyoyin gano aibi

Mafi yawan aibin da ake kamawa a jikin jirgi da ido ake kama shi, da taimakon tocila da ɗan madubi mai mariƙi da gilashi mai ƙara girma, sai kuma siririn bututu mai kyamara da ake zurawa cikin inji a duba ruwan farfelolinsa ba tare da an kwance shi ba. Inda ido ya gaza sai a koma ga na'ura, kowace da muhallinta. Akwai ruwan rini mai ƙyalli da ake shafawa ya tsiyaya cikin tsaga, a goge na sama, a haska wata fitila ta musamman, tsagar ta bayyana. Sharaɗinsa shi ne bakin tsagar ya kasance a buɗe, ba fenti ko datti da ya toshe shi. Akwai garin ƙarfe da maganaɗisu, wanda ba ya aiki sai a kan baƙin ƙarfe irin na ƙafafu da manyan kusoshi. Akwai na'urar da ke zuga 'yar guguwar lantarki a cikin alminiyon, in ta haɗu da tsaga allura ta motsa, kuma ita ce madogara wajen duba kewayen ƙusoshin ribit, har da fallen da ke ƙarƙashin wani falle. Akwai sautin da kunne ba ya ji, wanda ake aikawa cikin ƙarfe a saurari amsa-kuwwarsa, da shi ake auna abin da tsatsa ta ci na kauri. Akwai kuma hoton eksire irin na asibiti. Sababbin jirage kamar Boeing 787 da Airbus A350, waɗanda kimanin rabin nauyin jikinsu saƙar zaren gawayi ne da ƙaro, sun zo da tasu mas'ala, domin motar kaya na iya bugun su fuska ta koma sumul alhali ciki ya ɓare falle-falle.

Amma kowace na'ura hannun mutum ke riƙe da ita, mutum kuwa yana gajiya, yana gyangyaɗi, kuma idan ya duba ƙusa ɗari tara bai ga kome ba, zuciyarsa takan riga idonsa yanke hukunci a kan ta gaba. Jirgin kamfanin Aloha samfurin Boeing 737, wanda rufin gabansa ya yaye a sama ran 28 ga Afrilu 1988 a tsibiran Hawayi, ya yi sawu kusan 90,000 a gajerun tafiye-tafiye cikin iskar teku mai gishiri. Ƙaron da ya manne fallayen fatarsa ya saki, nauyi ya koma kan ƙusoshi, ƙananan tsagogi suka tsiro a ramuka masu yawa a jere, kowace ita kaɗai ba ta isa tsoro ba, har ranar da suka haɗe. Ma'aikaciya ɗaya iska ta fizge, matuƙan suka sauke sauran da rai da ikon Allah. Wata fasinja ta shaida wa masu bincike cewa ta ga tsaga a gefen ƙofa sa'ad da take shiga, amma ta yi shiru.

Faci da sharuɗɗansa

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne shubuha ta fi yawa. Babu jirgin da zai yi shekaru yana aiki bai sami rauni ba: matakala ta goge shi, tsuntsu ya buge shi, tsawa ta ƙone masa ƙusa, jelarsa ta taɓa ƙasa wajen tashi ko sauka. Kowane samfuri yana da kundin gyaran jiki da maƙerinsa ya wallafa, wanda ya iyakance zurfin karce ko lotsawar da za a iya bari, da wanda dole a gyara, da wanda ya fi ƙarfin kundin sai an koma wa maƙerin ya zana gyara na musamman. Ƙa'idar facin ƙwarai ita ce a yanke wurin da ya lalace baki ɗaya, a zagaye kusurwoyin ramin, a bi bakinsa da na'ura a tabbatar ba sauran tsaga, sa'an nan a ɗora falle na irin alminiyon ɗin, a jera ƙusoshi sahu-sahu bisa adadin da aka ƙayyade, kowace tana nesa da baki da aƙalla ninki biyu na kaurinta. Wani abin da jahilin gyara ba ya ganewa shi ne, facin da ya cika kauri shi ma aibi ne, domin taurinsa yana jawo nauyi ya tara shi a kan sahun ƙusoshi na farko, fatar asali ta tsage daga nan. Saboda haka aka kasa gyare-gyare gida uku: na dindindin wanda dubawar yau da kullum ta wadatar masa, da na dindindin mai bukatar ƙarin dubawa ta musamman har ƙarshen rayuwar jirgi, da na wucin gadi mai wa'adi.

Maginan cikin birni sun riga injiniyoyi sanin sirrin wannan babi. Duk wanda ya tsaya gefen Ƙofar Na'isa, wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa hanya aka sake ginawa, ya dubi abin da ya saura na ganuwar ƙasa, ko ya tambayi tsofaffin da suka yi aikin soraye, zai ji cewa bangon da ya tsage ba a yi masa yaɓe a kai, sai an farke tsagar har gindinta an cike da tubali da ƙasar da ta kwana a jiƙe. Wanda ya yaɓe bisa tsaga kuwa ya gyara fuska ne kurum, ya kuma hana mai gida ganin abin da ruwa ke ci a ciki, har tsakiyar damina bango ya zube gaba ɗaya.

Haka ya faru ga Boeing 747 na kamfanin China Airlines. Ran 7 ga Fabrairu 1980, yana ɗan watanni da fitowa daga maƙera, jelarsa ta gogi titi wajen sauka a Hon Kon, fatar ƙasan ta karce. Maimakon a yanke fatar kamar yadda kundi ya shar'anta, sai aka goge ta aka ɗora falle a kai, fallen ma bai zarce iyakar karcen yadda ya kamata ba, aka kuma rubuta a littafi cewa an yi gyara bisa kundin maƙera. Shekara 22 tsaga tana tafiya a ƙarƙashin wannan falle, duk mai binciken da ya zo ya ga faci mai kyau, ya karanta littafi ya ga shaida mai kyau, ya wuce. Ran 25 ga Mayu 2002, mako uku cif bayan musibar Gwammaja, jirgin ya rabu gida-gida a sama kusa da tsibiran Penghu na Taiwan, mutum 225 suka halaka, ba wanda ya tsira. Abin da ya fi ciwo shi ne, watanni kaɗan kafin haka an ɗauki hoton facin don shirin sake auna tsofaffin gyare-gyare, hoton kuma ya nuna baƙin tabo a gefensa, alamar iskar ciki tana tsiyaya ta wata kafa, amma ajali ya riga ranar da aka sanya don dubawar.

Na Japan ya fi wannan ban tsoro, domin ma'aikatan maƙerin jirgin da kansu suka yi gyaran. A watan Yunin 1978 jelar wani Boeing 747 na kamfanin Japan Airlines ta bugi ƙasa a Osaka, bangon baya mai siffar ƙubba, wanda ke tsare iskar cikin jirgi, ya lalace. Wajen haɗa sabon rabin bangon da tsohon, umarni ya ce a sa falle guda ɗaya mai ɗaukar nauyi a kan sahun ƙusoshi biyu. Masu aikin suka yanka fallen biyu don ya shiga, nauyin ya koma kan sahu ɗaya tak, aka shafe mahaɗar da ƙaro, ido bai ƙara ganin kuskuren ba. Jirgin ya yi sawu sama da 12,000 a haka. Ran 12 ga Agusta 1985 bangon ya fashe, iska ta tumɓuke jela, ta tsinke dukkan hanyoyin man tuƙi huɗu, matuƙan suka yi ta fama fiye da rabin sa'a da ƙarfin injuna kaɗai kafin su faɗa kan dutse. Mutum 520 suka rasu cikin 524.

To, a nan sai mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da kansa. Jirgin Japan shekararsa 11 a ranar da ya faɗi, na Lusaka 14, na Hawayi 19. Dukkansu da sun nemi shigowa Nijeriya a ƙarƙashin ƙa'idar shekara 22 da an buɗe musu ƙofa. Na Taiwan, wanda ya haura wannan iyaka, tun bai cika shekara ɗaya ba aka dasa masa ajalinsa. Ba muna cewa ƙa'idar ba ta da amfani ba, domin ta hana a mayar da ƙasarmu jujin jiragen da wasu suka yar. Amma wanda ya tsaya gare ta ya ɗauka ya gama bincike, haƙiƙa ya auna abin da ya fi sauƙin aunawa ne ya bar abin da ke kisa.

Taya biyu a Jidda

Ba sai aibi ya ɓuya a cikin ƙarfe yake halakarwa ba, kuma hujjar wannan da jinin alhazanmu aka rubuta ta. Ran 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi shatarsa don kwaso alhazan Nijeriya da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da mutum 261. Kwanaki kafin haka makanikai sun auna tayoyinsa sun ga biyu ba su da isasshiyar iska, aka yi niyyar canza su, gaggawar jigila ta sa aka fasa, aka kuma gyara alƙaluman da ke takarda don su nuna lafiya. Da safiyar ranar babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a same ta nan take ba, jami'in da ke kula da kwangilar ya ƙi yarda a jinkirta. Tayar jirgi kuwa bibbiyu suke a sanda ɗaya, in ɗaya ta yi sanyi 'yar'uwarta ke ɗauke nauyin, shi ya sa ido ba ya gane mai sanyin sai geji, kuma taya lafiyayya ma tana iya rage kashi 5 cikin 100 na iskarta a yini. Jirgin na gudu a kan titi tayar da aka yi wa lodi ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfen ƙafa ya riƙa gogar kwalta har ya yi wuta, matuƙan ba su sani ba suka naɗe ƙafar cikin ramin da ke maƙwabtaka da bututun mai da wayoyi. Wuta ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai tun jirgin na sama, ya faɗi kafin ya kai titin da ya juyo nema, ba wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama. A nan bincike ya yi aikinsa, geji ya faɗi gaskiya. Abin da ya karye shi ne ikon makaniki na cewa jirgi ba zai tashi ba.

Sa hannu shahada ce

Malamanmu na Malikiyya, a littattafan da har yau ake karantawa a zaurukan cikin birni irin su Risala da Muhtasar, sun haramta ɓoye aibin haja, sun ba mai saye zaɓin mayar da ita in aibin ya bayyana, sun kuma ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu, saboda maslahar jama'a. Dokar jiragen sama ta duniya, wadda ta samo tushe daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, a kan irin wannan asali ta tsaya, domin jirgi ba ya komawa aiki bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu cewa ya gani, ya auna, ya yarda. Sa hannun nan kuwa shahada ce, kuma wanda ya shaidi abin da bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da abin ya zo ya dace. Haka nan kowane sashe da za a ɗaura wa jirgi dole ya zo da takardar da ke bin isnadinsa, daga wanda ya ƙera shi zuwa duk wanda ya taɓa gyara shi, in aka sami yankewa a tsakani sai a ajiye shi ko da yana ƙyalli. Jirgin Partnair na ƙasar Nowe da ya faɗa teku a watan Satumban 1989 da mutum 55, jabun kusoshi aka samu suna riƙe da jelarsa. A 2023 kuma aka bankaɗo wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun ƙarya, injin da ke ɗauke da yawancin Boeing 737 masu sauka a Kano.

Halin Kano da abin da ya wajaba

Bushewar iskar Kano rahama ce ga alminiyon, amma jiragen da ke kwana a nan suna yini a Legas ko Jidda, su kwaso laima da gishiri, sa'an nan ƙurar hunturu ta shiga ta toshe 'yan ramukan da ruwa ke tsiyaya a ƙasan ciki, ta riƙe danshi a ƙarƙashin kicin da banɗaki, inda tsatsa ta fi farawa; ita ce kuma ke cin bakin ruwan farfelolin inji sannu a hankali. Zafin bazara, wanda ke kai maki 40, a fili mai tudun kusan mita 480 bisa teku, yana tsawaita gudun jirgi kafin ya ɗaga, ya ƙara wa taya da birki wahala. Tafiyar Kano zuwa Abuja ba ta cika sa'a ɗaya ba, saboda haka jiragen cikin gida suna tara sawu da sauri fiye da yadda sa'o'insu ke nunawa. Jigilar Hajji kuma tana haɗa abubuwa uku da suka haɗu a Jidda: jirgin shata wanda tarihinsa ke hannun baƙi, da wa'adin da ba ya ɗaguwa, da jama'a masu ɗokin gida.

Muna da harsashi. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana yaye injiniyoyin gyara tun bayan kafa ta a 1964, kuma a farkon 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban binciken Boeing 737 a Legas, aikin da a da sai an fita waje. Amma Kano, wadda jirgi ya fara sauka a cikinta tun 1925, ta cancanci ɗakin binciken aibi nata na kanta, mai na'urori da ma'aikata masu shaidar ƙwarewa, kuma Jami'ar Bayero da kwalejin Zariya suna da ikon haɗa hannu su reni waɗannan ma'aikata.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ba ya bukatar gini ko kuɗi mai yawa. Muna kira ga hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da kada ta amince wa kowane jirgi ɗaukar alhazai sai jami'anta sun karɓi taswirar faci da lotsawa ta jirgin, sun zagaya shi da ita a hannu, sun ƙidaya abin da ke jiki sun gwada da abin da ke takarda, duk facin da ba a san asalinsa ba kuma a ɗauke shi a matsayin abin tuhuma har a duba bayansa da na'ura. Muna kira ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ta rubuta a cikin kowace kwangilar jigila cewa jinkirin da injiniya ya jawo saboda aibi ba ya jawo wa kamfani tara, kuma injiniyan da ya ƙi sa hannu ba a korarsa ba a sauya shi sai hukuma ta saurari hujjarsa. Maniyyata kuma, da 'yan rakiyarsu da ke kwana a sansanin alhazai, idan aka ce musu an tsayar da jirgi don canza taya, su yi haƙuri su ba makaniki lokacinsa, wanda ya ga wani abu a jikin jirgi yana hawa matakala kuwa ya faɗa wa ma'aikata kafin a rufe ƙofa.